TASWIRAR AIKI DA AMFANINTA GA MAI KOYARWA

A cikin watan da aka rarraba mu makarantun firamare domin gwajin koyarwa, wani abu ya same mu wanda ya ba mu kunya ƙwarai, amma kuma shi ya zama sanadin da muka koyi wata dabara mai amfani. Mun ga ya kamata mu ba 'yan'uwanmu labarinta a nan, don kada waɗanda za su fita bayanmu su faɗa ramin da muka faɗa.

An ba mu aji uku, aka ce mu koya musu ɗebewa mai aro. Muka shirya darasi yadda aka koya mana, muka rubuta musu ƙa'ida a allo da kyakkyawan rubutu, ga ta kamar haka: a fara daga dama, in lambar sama ta kasa ta ƙasa, a ari ɗaya daga maƙwabciyarta ta hagu, a rage maƙwabciyar da ɗaya, a ƙara wa mai aron goma, sa'an nan a ɗebe. Muka gwada su da ɗebe 17 daga 52, suka samo 35. Muka ba su 128 daga 463, suka samo 335. Kwana biyu muna murna, muna ganin lalle mun zama malamai.

A rana ta uku muka ce su ɗebe 145 daga 302. Amsar gaskiya 157 ce, amma da muka karɓi littattafai sai muka tarar yawancin ajin sun kuskure. Waɗansu sun rubuta 167, waɗansu 257, waɗansu kuwa 243. Muka ɗauka rashin kula ne, muka yi musu faɗa, muka hana su fita tara har sai sun sake. Suka sake, ko wane yaro ya kawo amsar da ya kawo da farko, ba ragi ba ƙari.

Ana cikin haka malamin da ke duba aikinmu ya iso. Ya duba littattafan yara ɗaya bayan ɗaya, bai ce kome a kansu ba. Da aka tashi sai ya miƙo mana alli, ya ce mu yi lissafin nan a allo sannu a hankali, kada mu yi ko da abu ɗaya wanda ba ya cikin ƙa'idar da muka rubuta. Muka fara. Biyu ta kasa biyar, saboda haka za a yi aro. Kafin mu ankara hannunmu ya soke sifiri ya rubuta 9, ya soke 3 ya rubuta 2. Malam ya ce, "Tsaya. A ina ƙa'idarku ta ce a yi wannan?" Muka duba sama, muka duba ƙasa, babu. Ƙa'idarmu ta ce a ari ɗaya daga maƙwabciya, ba ta faɗi abin da za a yi ba in maƙwabciyar sifiri ce, ba ta da abin da za ta ba da. Ashe yaran sun bi maganarmu har iyakar inda ta ƙare, daga nan ko wanne ya nemi wa kansa mafita. Ran nan ne malam ya karɓi allin ya zana mana akwatuna da kibau, ya ce wannan ita ce hanyar da mutum ke gane matakin da ya tsallake.

Mece ce taswirar aiki?

Kowa ya san taswirar ƙasa, wadda ke nuna wa matafiyi garuruwa da hanyoyin da suka haɗa su, da inda hanya ta rabu biyu. To, aiki ma tafiya ne. Yana da mafari, yana da zango-zango, yana da mararraba, yana da maƙarewa. Taswirar aiki zane ne da ke nuna waɗannan duka a kan takarda ɗaya, ko wane mataki a cikin gidansa, da kibiya mai nuna wanda ke biye da shi. Sunan da Turawa suka sa mata ma'anarsa taswirar gudana, watau suna kwatanta aiki da ruwan da ke gudana cikin lambatu, yana bin hanya ɗaya har ya iso inda ta rabu.

Alamominta na yau da kullum ba su da yawa, yaro ma ya iya haddace su a zama ɗaya. Ta farko siffar ƙwai ce a kwance, a cikinta a kan rubuta "Fara" ko "Ƙare". Ta biyu akwati ne mai kusurwa huɗu, a cikinsa a kan rubuta aiki guda da za a yi, kamar "Rage lambar da ɗaya." Ta uku ita ce uwar tafiyar, watau murabba'in da aka tsayar a kan kusurwarsa ɗaya, kamar layar da aka rataye ta gefe. A cikinsa tambaya a ke rubutawa, irin wadda amsarta ba ta wuce i ko a'a, kuma kibiya biyu ke fita daga gare shi, ɗaya ta i, ɗaya ta a'a. Mu a ajinmu mararraba mu ke kiransa. Ta huɗu akwati ne da ya karkata, yana nuna abin da aka kawo don a yi aiki a kansa, ko abin da aka fitar bayan an gama. Sai kuma kibau da ke haɗa su. Bisa al'ada a kan karanta taswira daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, sai fa inda kan kibiya ya nuna a koma baya.

Abin da ya sa ta fi magana da baki a wajen wannan aiki shi ne, magana ta kan yarda mutum ya tsallake abu ba wanda ya lura. In mun ce "a yi aro," kunne ya ji jimla cikakkiya, ya gamsu. Amma a kan takarda, mararrabar da kibiya ɗaya kaɗai ta fita daga gare ta kowa ya dube ta zai ga gurguwa ce. Gani ya kori ji.

Asalinta

Dabarar nan ba a makaranta aka haife ta ba, a wurin gini ne asalinta. A shekarar 1885 wani saurayi a ƙasar Amurka, sunansa Frank Gilbreth, ya shiga koyon aikin jera tubali yana ɗan shekara 17. An ba da labari cewa abin da ya fara ba shi mamaki shi ne, maginin da ke koya masa yana da hanya uku ta yin aiki ɗaya: wadda ya ke bi in yana sauri, da wadda ya ke bi in yana aiki a hankali, da wadda ya ke nunawa in yana koya wa almajiri. Da muka ji wannan sai muka tuna da hannunmu da ya rubuta 9 alhali bakinmu bai taɓa faɗa wa yara ba. Gwani ya kan yi abin da bai san yana yi ba, don haka abin da ya ke faɗa ya kan kasa abin da ya ke aikatawa.

Gilbreth ya shiga ƙididdige motsin magini ɗaya bayan ɗaya: sunkuyawa, da laluben tubali, da jujjuya shi don a ga fuskarsa mai kyau, da sauransu. Ya ƙago wani dandamalin katako da a ke ɗagawa yayin da bango ke tashi, don magini ya daina sunkuyawa, ya sa kuma a riƙa jera masa tubalan tun da wuri yadda zai ɗauka kawai ya aza. Da haka motsin aza tubali ɗaya ya ragu daga 18 zuwa 5, maginin da ke aza tubali 120 cikin awa guda ya koma yana aza 350.

Ya auri wata mace mai zurfin ilmi, Lillian, wadda ta karanci ilmin halayyar ɗan Adam, suka ci gaba da wannan bincike tare. A shekarar 1921 suka gabatar da takarda gaban ƙungiyar injiniyoyin Amurka masu aikin injuna, inda suka nuna yadda za a zana matakan ko wane aiki da alamomi, don a gan shi gaba ɗaya kafin a taɓa gyara wani sashe nasa. Wannan takarda ita a ke ɗauka mafarin taswirar aiki mai tsari. Frank ya rasu a 1924, Lillian ta ɗauki aikin ta ci gaba da shi shekaru masu yawa, ba ta rasu ba sai a 1972. Daga shekarun 1930 wani injiniya, Allan Mogensen, ya shiga koya wa mutanen masana'antu da ofisoshi yin amfani da ita, har ta bazu.

A 1947 ƙungiyar injiniyoyin nan ta tsayar da alamomi biyar domin irin wannan taswira: da'ira ga aikin da a ke yi wa abu, kibiya ga ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, murabba'i ga dubawa, wata alama mai kamar baƙin D ga jira, mai kusurwa uku kuwa ga ajiya. Hikimar da ke ciki a fili ta ke. In an zana tafiyar takarda ɗaya a cikin ofis, sai aka ga da'ira biyu tak amma alamar jira shida, ba a bukatar wani ya yi dogon bayani a kan inda lokaci ke tafiya.

A wannan shekara ta 1947 kuma, a garin Princeton na Amurka, waɗansu masana lissafi biyu, Herman Goldstine da John von Neumann, suka fitar da rahoto a kan yadda za a shirya wa injin lissafi mai aiki da lantarki aikin da zai yi, watau kakan kwamfutocin yanzu. Suka yi amfani da zanen akwatuna da kibau don su tsara umarni kafin a ba inji. Dalilinsu kuwa shi ne, inji ba shi da hankalin da zai cike gurbin abin da ba a faɗa masa ba. In ya iso mararrabar da ba a shirya mata ba, ko ya tsaya, ko ya ba da amsar banza. Irin taswirar da ta yaɗu a wajen masu kwamfuta, mai mararraba da komawa baya, ita ce wadda muka bayyana a sama, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya da ke Janeba kuwa ta fitar da ƙa'idar alamominta a 1985.

Yadda muka gyara ƙa'idarmu

Bari mu koma ga ajinmu. Da muka zauna muka zana ɗebewa, ga yadda ta fito. Bayan "Fara," akwati na farko ya ce a je gidan da ke can dama. Sa'an nan mararraba ta farko: lambar sama ta kasa ta ƙasa? In a'a, a ɗebe, a rubuta amsa. In i, nan ne da muka wuce kai tsaye zuwa aro, amma yanzu sai muka sa mararraba ta biyu: maƙwabciyar hagu sifiri ce? In a'a, a rage ta da ɗaya, a ƙara wa mai aron goma, a ɗebe. In i, a soke sifirin a rubuta 9 a bisansa, a matsa gida ɗaya hagu, kibiya kuma ta komo kan wannan tambaya, domin watakila ta gaba ma sifiri ce. Bayan an ɗebe akwai mararraba ta uku: akwai sauran gida a hagu? In i, a matsa can a koma tambayar farko. In a'a, "Ƙare."

Muka gwada ta da ɗebe 1256 daga 4003, inda sifiri biyu ke jere. Yatsa ya bi kibiya, ya kewaya mararraba ta biyu sau biyu, sifiri biyun suka zama 9 da 9, huɗu ta zama uku, uku ta dama ta zama 13, amsa ta fito 2747 daidai.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, da taswirar a hannu sai muka iya gane inda ko wane yaro ya saki hanya. Mai 167 ya ƙara wa biyu goma, amma da ya ga ba a iya rage sifiri sai ya bar shi yadda ya ke, daga baya ya aro masa daga uku ya ɗebe huɗu daga goma. Mai 257 ya mai da sifiri tara, amma ya manta ukun da ya kamata ta biya bashin. Mai 243 shi ko aro bai yi ba, a ko wane gida ƙaramar lamba ya ke ɗebewa daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa. Cuta uku ke nan dabam dabam, ko wace da maganinta, alhali mu da mun haɗa su duka mun yi musu faɗa iri ɗaya.

Daga baya muka sami labari cewa masana sun daɗe da lura da wannan. A 1978 John Seely Brown da Richard Burton, a Amurka, suka bincika kurakuran yara a ɗebewa, suka nuna cewa da yawa daga cikinsu ba na ganganci ba ne: yaro ne ke bin wata ƙa'ida mai lahani, yana kuwa bin ta da aminci ko yaushe. A 1980 Brown da Kurt VanLehn suka ƙara bayani, suka ce sa'ad da yaro ya iso wurin da abin da aka koya masa ya ƙare, ba ya kan tsaya ba, sai ya yi wa hanyar faci da dabararsa, facin nan kuwa shi ke zama kuskuren da ke bin sa. Aro daga sifiri yana cikin wuraren da suka ambata. In malami bai gano facin ba, ba da aiki mai yawa sai ya ƙara kafa kuskuren a zuciyar yaro.

Misali na biyu: shekara mai ƙarin kwana

Don kada a zaci dabarar ta ɗebewa ce kaɗai, ga wani misali. In an tambayi yawancinmu wace shekara ce watan Fabrairu ke yin kwana 29, za mu ce wadda huɗu ta raba ba saura. Wannan amsa ma tana da irin raunin ƙa'idarmu ta aro, domin shekarar 1900 huɗu ta raba ta, amma Fabrairunta kwana 28 ya yi.

Dalili kuwa, duniya ta kan gama kewaya rana cikin kwana 365 da awa 5 da kusan minti 49. Ƙara kwana ɗaya ko wace shekara huɗu daidai ya ke da ɗaukar rarar nan awa 6 cif, watau an yi ƙarin kimanin minti 11 ko wace shekara, wanda ke taruwa ya zama wajen kwana uku cikin shekara 400. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya sa aka gyara kalanda, aka zubar da kwana goma, ranar 4 ga Oktoba ta wuce aka wayi gari 15 ga wata, aka kuma kafa ƙa'idar da a ke bi har yanzu. Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai a 1752.

A taswira ƙa'idar mararraba uku ce. Huɗu ta raba shekarar ba saura? In a'a, kwana 28, an gama. In i, ɗari ta raba ta ba saura? In a'a, kwana 29. In i, ɗari huɗu ta raba ta ba saura? In i, kwana 29. In a'a, kwana 28. A bi da yatsa a gani: 2023 ta fita tun a mararrabar farko, 2024 ta fita a ta biyu da kwana 29, 1900 da 2000 sai da suka kai ta uku, a can suka rabu, 2000 ta sami ƙarin kwana, 1900 ba ta samu ba. Shekarar 2100 ma ba za ta samu ba. Wannan bayani in an yi shi da baki, "amma" da "sai dai" su kan yi yawa har mai sauraro ya rikice. A zane kuwa ba abin da ke ɓoye.

Misali na uku: hanyar da ke komawa baya

Akwai wata tsohuwar dabara ta neman lamba mafi girma da za ta raba lambobi biyu ba saura, tana cikin littafin Yuklid, masanin lissafin nan da ya zauna a Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Taswirarta ƙarama ce, akwati biyu da mararraba ɗaya. A raba babbar lamba da ƙaramar. Saura sifiri ne? In i, ƙaramar ita ce amsa. In a'a, ƙaramar ta hau matsayin babba, sauran ya hau matsayin ƙarama, a koma a sake rabawa.

A ɗauki 48 da 18. An raba 48 da 18, saura 12. An raba 18 da 12, saura 6. An raba 12 da 6, ba saura. Amsa 6 ke nan, da ita kuwa za a rage kashi 18 cikin 48 ya koma 3 cikin 8. Darasin da ke nan shi ne, duk inda kibiya ta koma baya wajibi ne mai zane ya tambayi kansa abin da zai sa a fita daga kewayen. A dabarar Yuklid saura kullum ya kan kasa lambar da aka raba da ita, don haka yana ta raguwa har dole ya kai sifiri. Taswirar da ba ta da irin wannan ƙofa, mai bin ta zai yi ta kewaya har ya gaji, kamar wanda ya ɓace a daji yana ta komowa gindin itace ɗaya.

Jerin tambayoyi ma abin kula ne. A shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun shirya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci taswirar duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Tambayoyin da aka sa a kan gaba su ne na alamun haɗari: yaron ya kasa sha ko kama nono? Yana amayar da duk abin da ya ci? Ya yi jijjiga? Ya galabaita ko ya suma? In amsar ɗaya daga cikinsu i ce, kibiya ta nufi ba shi taimakon gaggawa da aika shi babban asibiti ba da jinkiri ba. Abin da jinkirinsa ke kashewa shi a ke fara tambaya.

Iyakar amfaninta

Kada dai mu yabi abu fiye da ƙimarsa. Taswira tana nuna abin da za a yi da lokacin da za a yi shi, amma ba ta faɗin dalili. Yaro ya iya bin kibau ya mai da sifiri tara ba tare da ya san daga ina taran ta fito ba. Saboda haka kashegari muka kawo tsinkayen tsintsiya, muka ɗaure su goma goma, muka kuma haɗa ɗauri goma ya zama damin ɗari. Muka ajiye dami uku da tsinke biyu, muka ce wani yaro ya ba abokinsa tsinke biyar. Ya nemi ɗaurin goma da zai kwance, babu. Da kansa ya kwance dami ɗaya, ɗauri goma suka fito, ya kwance ɗaya daga ciki, ya ƙirga saura ya ce tara. Ajin duka ya ɗauki "Ashe!" Tsinkaye ne suka koya wa yara dalili, taswira kuwa mu ta koya wa inda darasinmu ya yi giɓi, ta kuma zama abin tunatarwa a bango.

Har wa yau ba ko wane aiki ke shiga akwatuna ba. Lallashin yaron da ya zo makaranta yana kuka, ko auna kyan insha'in da almajiri ya rubuta, waɗannan tambayoyinsu ba sa amsuwa da i ko a'a, hankali da sabo su ke bukata. Kuma taswira in ta cika girma, kibau suna ƙetare juna ko'ina, ta kan zama ta fi aikin kansa wuyar ganewa. Masu tsara aikin kwamfuta ma, waɗanda suka dogara da ita ƙwarai a shekarun 1950 da 1960, sun rage zana ta ga manyan ayyuka saboda wannan dalili.

Ga abin da muka koya game da zana ta. A fara da rubuta inda aiki ya soma da inda ya ƙare. A zana abin da a ke yi da gaske, a bar abin da a ke zaton ana yi, hanyar samun haka kuwa ita ce a yi aikin a hankali, wani yana kallo yana rubutawa. Kada a cusa aiki biyu cikin akwati ɗaya. Ko wace mararraba a tabbata kibiyarta biyu ce, ko wace kibiya kuma ta kai wani wuri. In takarda ɗaya ta kasa, a raba aikin, a yi wa ko wane sashe tasa. Daga ƙarshe a gwada ta da misalan da suka fi wuya, masu sifiri, da masu lambobi iri ɗaya sama da ƙasa, a kuma miƙa wa wanda bai san aikin ba ya bi ta da yatsa, mai zane ya kame bakinsa. Duk inda mai bin ya tsaya ya ɗago kai, nan giɓin ya ke.

Muna roƙon 'yan'uwanmu da za su fita gwajin koyarwa a zango mai zuwa, ko wanne ya zaɓi darasi ɗaya daga cikin waɗanda ya ke ganin ya iya sarai, ko doguwar rabawa, ko tara kashi-kashi, ko neman kalma a ƙamus, ya zana taswirarsa tun kafin ya shiga aji. Mu dai ƙa'idar da muka yi shekara goma muna aiki da ita, sai da muka zana ta muka san ba mu iya faɗinta daidai ba, yara kuwa suka rasa hutunsu na tara saboda laifin da ba nasu ba. Mun roƙe su gafara, sun kuwa yafe. Wanda ke son ya gwada hannunsa tun yau, ga 1071 da 462, ya bi da su ta hanyar Yuklid, ya ƙirga sau nawa kibiya ta komar da shi baya kafin ya fita. In ya sami 21, ya bi hanya daidai.